Wayata a Cikin Langa Har Kano

Tun ranar da na dawo ƙofar gidana ba ta huta ba. Wannan ta shigo ta ce, "Tsahara, wai da gaske har Kano kika je?" Waccan ta ce, "Wai an ce a cikin langa kika kai wayar?" Na faɗa har bakina ya gaji. Da a da ne, da sai in danna waya in yi muku saƙon murya mai tsawon dahuwar wake, kowa ta saurara a ɗakinta. To, kun san abin da ya raba ni da wannan. Shi ya sa na ɗauko kaye da bik, wato littafi da biro, da ɗan bokon da na koya a makarantar manya, in rubuta sau ɗaya, mai karatu ta karanta wa marar karatu.

Ga wadda ba ta san ni ba, ni ce mai girkin biki a unguwarmu, nan Madarunfa. Shekara ashirin da wani abu ba a ɗaura aure ko a raɗa suna ba ban ɗora tukunya ba. Ban taɓa wuce Maraɗi ba, Maraɗin ma sai ta kama dole. Ɗana na fari shi ke kula da shato, babban tankin ruwa na gari: shi ke buɗewa, shi ke rufewa, shi ke zuba maganin da ke tsabtace ruwan. Ba zan rubuta sunansa ba. Kun san ba a yin haka.

Wajen wata uku kafin abin ya faru, wani saƙo ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba, an ce katin gayyatar biki ne, in danna in gani. Ni kuwa a ce an gayyace ni in yi shiru? Ai rashin mutunci ne. Na danna. Wayar ta yi mini tambayoyi da faransanci, ni kuma duk inda na ga kore sai in danna. Kati bai fito ba. Na ce rezo ne, sabis ɗin waya ke wasa, na ci gaba da tsinke zogalena.

Ranar wata Talata da hantsi ina wanke tukwane, sai ga maƙwabciyata a guje, ta ce, "Tsahara, mi kika ce a waya? Gari ya tashi!" Ta kunna mini. Muryata ce. Wallahi muryata ce, har da ƴar dishewar nan da hayaƙin murhu ya bar mini. Tana cewa, "Salamu alaikum mata, ni ce Tsahara. Ɗana wane ya gaya mini an zuba guba a shato. Kada kowa ya sha ruwan famfo. Ku tura wa kowa." Inda na rubuta "wane", sunansa ta faɗa, ɓaro-ɓaro.

Kafin azahar mata sun kife randunansu, an yi layi a tsohuwar rijiya, wasu sun nufi tafki da bido, jarkunan ruwa. Samari sun taru a gindin shato da sanduna. Hukuma ta zo ta auna ruwa, lafiyarsa lau. Ranar Laraba jandarmomi suka tafi da ɗana.

Na bi su har buro, ofishinsu. Na ce wa kumandan ba ni ba ce. Ya karɓi wayata ya duba, ya nuna mini: ga saƙon nan, daga wayata ya fita. Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan fari ne. Ban taɓa faɗar sunansa ba." Ya ce, "Inna, kowa na iya faɗar haka. Ke abin da aka gaya miki kika faɗa, wanda ya gaya miki shi ke da laifi. Ranar Litinin takardarsa za ta wuce kotu a Maraɗi." Tsofaffin unguwa duk sun yarda da ni tun jin farko, amma yardar tsofaffi ba ta buɗe ƙofar jandarma.

Ranar Alhamis na tafi Maraɗi wajen masu gyaran waya. Mai gyara ya juya ta ya ce, "A yi mata wanki, komai ya fita, ta koma sabuwa." Har na miƙa masa, sai na ce bari in fara biyawa gidan ƙawata Maman Rahila. Ita Kirista ce, tsohuwar ma'aikaciyar likita, mun san juna tun da na yi girkin auren ƙanenta. Da ta ji, ta buge ni a hannu kamar yarinya.

"Wanki? Ke, in an kawo mana mutum ya ci abin da ya ɓata mashi ciki, ragowar abincin muke cewa a kawo, ba a wanke kwanon ba!"

Nan take ta kira ɗiyarta Rahila, wadda ke aure a Kano, aikinta kuma tsare na'urorin asibitoci da manyan shaguna daga ɓarayin da ke shiga ta waya. Rahila ta ce, "Tanti, ki kashe ta yanzu. Kada ki sake kunnawa. In ta sami rezo, masu abin na iya goge sawunsu daga can inda suke. Ki naɗe ta da takardar gwangwanin nan ta gashi, ki sa a wani abu na ƙarfe mai murfi, ku taho gobe."

Abin ƙarfe mai murfi da ke gidan shi ne langar tuwo. A ciki muka sa ta, muka ɗaure da ɗankwali.

Juma'a da safe muka hau mota zuwa Ɗan Issa, ni da Maman Rahila. Ita ta saba da hanya, ta yi ta gaisawa da mutane kamar a tsakar gidanta. Ni kuwa na rungume langa a cinya, zuciyata na can wajen wanda na baro a kulle. A Ɗan Issa ta kai ni wajen mai canji. Na ba shi ƴan takardu, ya ɗibo mini tuli har na ce ko kuskure ya yi. Maman Rahila ta ce, "Kada ki yi murna, kafin Katsina za ki ga ƙarshensu."

A ɓangarenmu na iyaka ba a tsaya da mu ba sosai, an duba katin shaida an ce mu wuce. A ɓangaren Najeriya ne aka sauke mu duka. Wani jami'i dogo mai gashin baki ya nuna langa da sandarsa.

"Hajiya, mene ne a ciki?"

Na ce, "Ban je ba tukuna, Allah ya amsa bakinka. Waya ce."

"Waya a langa? Buɗe."

Na kwance ɗankwali. Da ya ga abu naɗe yana ƙyalli, sai ya kira abokinsa. Suka tsaya a kaina su biyu, fasinjoji suka leƙo. Wani tsoho daga baya ya ce, "Zinari ne, wallahi na faɗa tun Maraɗi." Jami'in ya warware ta, ya ga tsohuwar wayata mai tsagaggen gilashi, ya kai yatsa zai kunna. Ban san lokacin da na kama hannunsa ba.

"Don Allah kada ka kunna! Ciwo gare ta, kuma yana yaɗuwa!"

Sai ga ƙaton mutum ya ja da baya, ya goge hannu a wando. Motar duka ta kwashe da dariya. Maman Rahila ta yi masa bayani a tsanake, daga katin biki har zuwa shato. Dariya ta tsaya. Ya naɗe wayar da kansa, ya rufe langa. Da muka juya za mu hau mota, ya biyo ni ya rage murya.

"Hajiya, katin nan, wane iri ne? Don tsohuwata ma ba ta ƙin gayyata."

Na ce ya je ya ce mata wadda ke son ta zo biki ta tako da ƙafarta.

Daga Jibiya zuwa Katsina shinge ne bayan shinge. Direba ya ce hanyar nan ba a wasa da ita, da rana ake bin ta, kuma ba ya tsayawa ko don fitsarin kowa. Ban yi magana ba har Katsina, wanda Maman Rahila ta ce tunda ta san ni ba ta taɓa gani ba. A tashar Katsina muka sake mota. Mutanen can maganarsu tamu ce, ban ji baƙunta ba. Bayan mun wuce wani gari da ake kira Charanchi taya ta fashe, muka sauka gindin wata bishiya. Wata mata ƴar Kano da ke kusa da ni ta raba mana gurasa, ta ce, "Daga ina?" Na ce, "Daga Madarunfa munka taso." Ta ce, "Munka! Ai sai ku." Na ce ku ma ai "suka" ɗinku kamar ana sukar mutum da wuƙa. Muka yi ta yi har aka ɗaura taya. Ta tambayi abin da ke langa, na ce tuwo ne, don na gaji da bayani.

Kano kuwa, ba zan ce muku komai a kan girmanta ba, don ban ga ƙarshenta ba balle in auna. Abin da kunnena ya fara kamawa shi ne ba wanda ke gama gaisuwa. "Ina wuni, lafiya," shi ke nan, mutum ya wuce. Ba gida, ba yara, ba gajiya, ba ruwa. Na ce wa Maman Rahila mutanen nan ko ana korar su ne.

A Sabon Gari Rahila take, a bene hawa na biyu. Ban taɓa kwana a saman kan wani ba sai ranar. Mijinta mutumin Jos ne, yana jin Hausa amma irin tasu, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Sannu da zuwa, Mama." Na tarar sun sayo sabuwar buta da tabarma, sun share mini kusurwa, har sun tambayi maƙwabci inda gabas take sun yi alama da alli a bango. Abin ya taɓa ni. Aka kawo wani abinci wai gwate, tsaki da ganye da yakuwa, ruwa-ruwa. Na ci don kunya, na ƙara don daɗi. Furarsu ce dai ban yafe ba. A inji ake dama ta, a ɗura a gora, a sa a firji. Ba gaya ko ɗaya da haƙori zai samu. Na ce wannan ai kunun sanyi ne. In wuta ta ɗauke, na ce kuran ya tafi, sai jikokin Maman Rahila su faɗi ƙasa don dariya, wai kura ta tafi.

Asabar da safe Rahila ta kai mu wurin aikinta. Ɗaki ne mai sanyi kamar randa, mutum huɗu kowa da allo biyu a gabansa, ba mai magana. Ta buɗe langa a gabansu, wani mai suna Injiniya Bashir ya ce, "Wallahi wannan ta fi wasu jakunkunan da muke saya." Suka sa wayar a wani akwati da rezo ba ya shiga, suka kunna ta a ciki, suka kwashe duk abin da ke cikinta zuwa na'urarsu ba tare da sun taɓa komai ba.

Kafin azahar Rahila ta kira ni. "Tanti, ga katinki." Ta nuna mini wani ɗan rubutu a allo. Ta ce ba kati ba ne, wani abu ne da ya shiga ya ɓuya, ba shi da hoto a fuskar waya balle in gan shi. Duk koren da na danna, izini nake ba shi: ya ji abin da nake faɗa, ya karanta sunayen mutanena, ya aika saƙo da sunana. Wata uku yana kwasar saƙonnina yana turawa can.

"Can ina?"

"Ba mu sani ba. Hanyar ta bi ta ƙasashe da yawa, da gangan. Su kuma suka ba wata na'ura muryarki ta yi ta saurare har ta iya. Yanzu sai su rubuta abin da suke so, ta faɗa da bakinki."

Injiniya Bashir ya ce, "Mama, yawanci ɗan kaɗan suke samu su yi aiki da shi. Ke kuwa kin ba su na shekara."

Maman Rahila ta ce, "Ai ta yi musu rowa ma. Ba ka gan ta a biki ba."

Na ce, to ni mi na tare musu? Ni da ba ni da komai sai tukwane? Rahila ta ce ba abin hannuna suke so ba. Yardar da mata suka yi mini suke so. Ta ce sun ga irin wannan a wasu wurare: a nemi wanda gari ya yarda da shi, ungozoma ko ladan ko mai girki, a sa masa magana a baki a kan ruwa ko allura ko hatsi, a zauna a ga cikin awa nawa gari zai rikice. Ta ce yaƙin yanzu wani lokaci haka yake farawa, ba a harba komai ba mutane sun daina yarda da famfonsu da junansu.

Su ma suna da tasu na'urar, mai sauraren murya ta ce ta mutum ce ko ta ƙarya. Aka ba ta saƙon. Ta yi ta tunani, sannan ta ce ba ta da tabbas. Injiniya Bashir ya ce haka abin yake, yau tasu ta kama ta ɓarayi, gobe ta ɓarayi ta koyi kauce mata, kullum ana tsere.

Na ce a ba ni in ji. Suka sa mini abin kunne. Na ji sau uku.

Na ce, "Na ɗaya, wagga mata ba ta numfashi inda nake numfashi. Na biyu, ba zakara, ba turmi, ba injin niƙan maƙwabta, ni kuwa ban taɓa yin saƙo a gidan da ya yi shiru haka ba. Na uku, ta yi sallama ta shiga magana. Ni? Ba gida, ba yara, ba gajiya? Wannan ƴar Kano ce."

Suka yi dariya har wanda bai yi magana ba tun safe ya ɗago kai. Amma Rahila ta rubuta duka. Sannan na ce mata na huɗu, na sunan. Ta ajiye bik ta dube ni. Ta ce sunan a cikin jerin lambobina suka samo shi, an rubuta "ɗana" a gabansa, ƙanwarsa ce ta adana mini. Na'ura ta iya muryata, amma ba wanda ya gaya mata abin da ba na faɗa.

Hujjar da ta fi ƙarfi sai bayan la'asar suka same ta. Saƙon ba a bakin wayata aka ɗauke shi ba. Daga waje ya sauko a shirye, abin nan ya tura shi, kuma sawun yana nan da lokacinsa, tunda wayar ba ta sake samun rezo ba balle su goge. Da na bar mai gyara ya yi wanki, da shi ke nan. Rahila ta rubuta takarda da faransanci, don a Maraɗi ta yi lakkwal, karatun bokonta, ta zuba komai a wani ɗan makulli na na'ura da ake adana bayanai a ciki, ta ce hukumarmu na da masana a Yamai, su duba da kansu.

Lahadi suka je coci da sassafe, ni na zauna na gyara musu miyar da na ga tana neman taimako. Suna dawowa muka kama hanya. A iyaka muka sake samun mai gashin baki. Ya hango langa ya ɗaga hannu. "Hajiya, ya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Ya ce ya je gida ya duba wayar tsohuwarsa, ba ta danna ba, don ba ta ga tabaranta ba ranar.

Litinin tun kafin a buɗe buro ina bakin ƙofa. Kumandan ya karanta takarda sau biyu, ya fita ya yi waya mai tsawo, ya dawo. Aka fito da yaron aka zaunar a benci. Ya rame. Ban dube shi ba, ta gefen ido na gani.

Kumandan ya ce, "Na Yamai sun ce takardar ta yi ma'ana, za su duba. Amma suna son muryarki ta gaske tana faɗar kalmomin nan, su gwada da waccan. Zan kunna kaɗan-kaɗan, ki maimaita." Ya ajiye wayarsa a gabana tana ɗauka.

"Salamu alaikum mata." Na maimaita. "Ni ce Tsahara." Na maimaita. Sai muryar nan ta ce "ɗana", ta faɗi sunan, sumul, kamar mai kiran akuya.

Na ce, "Ɗana..." Na tsaya.

"Ci gaba, Inna."

Na buɗe baki. Wallahi na yi niyya. Na ce a raina, Tsahara, kin je har Kano, kin kwana a bene, kin sha furar inji, kalma ɗaya ce ta rage. Shekara talatin da uku sunan na cikin bakina, na san inda yake zaune. Harshena ya ƙi tashi.

Na ce, "Ɗana... wannan da ke zaune."

Daga benci na ji ya ce a hankali, "Bari, Inna. Kada ki faɗa."

Kumandan ya daɗe yana dubana. Sannan ya kashe wayar. Ya ce, "Tawa tsohuwar har ta rasu 'kai wannan' take ce mini." Ya jawo takarda ya sa hannu. Ya ce yaron ya tafi gida, in an neme shi ya zo, takarda ba za ta wuce Maraɗi ba. Ya ce wanda ya ɗauka ɗin ma haka zai tura shi Yamai, da shirun da komai.

Muka taho, ni a gaba shi a baya. Kafin mu iso gida ya cika da mata. Bai zauna ba. Ya ɗauki kwanon sha, ya je famfon tsakar gida ya tara, ya kawo mini da hannu biyu. Na shanye a gabansu, na ce a ƙaro.

Wayar tana Yamai, langar na mayar wa mai ita da tuwo a ciki. Yanzu ƴar ƙarama gare ni mai maɓalli, ba ta san kati ba. Mai biki ta zo da goronta, ƙofa a buɗe take. In kuma wata rana kuka sake jin muryata a waya, ku saurara da kyau. In ta gaishe ku a gurguje, ku yi shakka. In ta faɗi sunan nan, ku sha ruwanku.